Ƙwallon da Yaya Ya Bar Mini

Sista 'yar Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da yaran, har da 'yar ƙaramar nan mai cizo. Da fatan aikin asibiti bai cinye ki ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi jinin zaman mota. Babanki kuwa ya fi ni lafiya. Ya cinye abincinsa, ya miƙo cokali cikin nawa.

Magana ta waya ba za ta yiwu ba, don kullum yana gefena, kunnensa kuma babu abin da ya same shi. Shi ya sa nake rubutu a takardar masauki, in ɗauki hotonta in turo miki. Ki yi haƙuri da rubutun tsohon ma'aikacin gidan ruwa.

Ban manta da yarjejeniyarmu ba. Kin ce tun da ya bar tukunya a kan wuta ya fita, kuma maigadin makarantar da ya koyar ya rako shi gida don ya rasa hanya, hankalinki bai kwanta ba, kina so ki ɗauke shi ya koma wajenki. Ni kuma na ce tsufa ne kawai, ki bar mini wana inda yake, layi ɗaya tsakanin gidana da nasa. Na roƙi ki bari in zaga da shi filayen golf huɗun nan da muka daɗe muna cewa za mu je, in na ga wani abu in faɗa miki tsakani da Allah. To ga rahoton farko.

Filin farko a bakin madatsar ruwa yake. Ciyawarsu shar, har ka ji kunyar taka ta. Amma ni da na yi rayuwata cikin bututu, tun daga rami na uku na san akwai inda ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, don takalmina sai nutsewa yake. Na je na faɗa wa mai kula da filin, ya dube ni kamar na zo karɓar aikinsa. Rami na bakwai shi ne abin kallo: sai ka tsallakar da ƙwallo ta kan ruwa, tuta tana can kan wani ɗan tsibiri. Na jefa biyu cikin ruwan. Babanki ya gyara hula ya ce, "Auta, me kifayen nan suka yi maka?" Shi kuwa bugu ɗaya, ta sauka ta zauna kamar an ajiye ta da hannu.

Ga abin da nake so ki ji. Kin san in ƙwallon abokin wasanka ta tsaya dab da bakin rami, ladabi ne ka ce ya ɗauka, an ƙirga ta shiga. Kowa yana yi wa kowa. Babanki yana yi wa baƙi, yana yi wa tsofaffin ɗalibansa, ya taɓa yi wa wani mutum da ya zauna masa kan tabarau. Ni kaɗai ne bai taɓa yi wa ba, tun muna da baƙin gashi. A ramin ƙarshe tawa ta tsaya, tafin hannu ɗaya ya rage. Na dube shi, ya dubi sama. Na ce, "Yaya, ko don albarkacin tafiya."

Ya ce, "Baƙo ake bar wa. Kai buga, Auta."

Na buga ina tsaki, ta shiga. Mutumin da bai manta da muguntarsa ba, me ya manta? Ki kwantar da hankalinki.

Baffanki

*

Baffa,

Na gaishe ka, ya hanya, ya gwiwar? Ka riƙa tsayawa kana miƙe ƙafa, kuma ka daina cewa man zafi ba ya aiki alhali a jaka kake barinsa. Muna lafiya. Mai cizon ta fitar da sabon haƙori, ka shirya.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ɗakin magani, na yi dariya har wata abokiyar aikina ta leƙo. Amma da na sake karantawa sai na ga an yi mini wayo. Na aike ka ka duba mini Baba, ka dawo mini da labarin bututun mutane.

Baffa, masu irin wannan lalura hannunsu ne yake tunawa na ƙarshe. Ina ganinsu kullum. Akwai wata tsohuwa a ɗakinmu da ba ta san 'ya'yanta ba, amma ka ba ta zare da allura ka ga aiki. Don haka bugu mai kyau ba shaida ba ce a wajena. Ga abin da nake tambaya. Yana shan magani da kansa ko sai ka tuna masa? In ya fita daga ɗakin masauki yana gane hanyar dawowa? Yana maimaita tambaya? Ya yi maganar Mama kamar tana raye?

Kada ka ɗauka daɗi nake ji. Na san benen nan namu ba wurinsa ba ne, babu tsakar gida, babu bishiyar da yake zama ƙarƙashinta, kuma babu kai. Maigidana ya riga ya kwashe kayan ƙaramin ɗakin ya sa gado, ni kuwa duk lokacin da na wuce ƙofar sai in kau da kai. In ka ce lafiyarsa ƙalau, wallahi na fi kowa murna. Amma ka faɗa mini abin da ka gani, ba abin da kake so ka gani ba.

'Yarka

*

Sista,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Man zafin na shafa, ki shaida. Babanki yana nan garau, yanzu haka yana wanka yana waƙa, kuma muryar ba ta gyaru ba.

Tambayoyinki kamar na ɗan sanda. Magani ni nake miƙa masa, amma ai a jakata yake, ta ina zai ɗauka? Hanyar ɗaki kuwa, masaukin jiya ƙofofinsa iri ɗaya ne, ni kaina sai da na zura makulli a ɗakin wani mai sayar da taya.

Bari in ba ki labarin fili na biyu, don ya cancanta. A kan duwatsu yake, hawa da gangara, wanda ya zana shi ba shi da gwiwa ko kuma ba shi da imani. Iska tana kaɗawa ta ko'ina. Ka buga dama ta kai maka hagu, ka buga hagu ta bar ka da hagun. Amma in ka hau rami na goma sha biyu ka juyo, gonaki ne shimfiɗe har iyakar ganinka, ga jirgin ƙasa can ƙasa yana jan jiki. Mun tsaya muna kallo. Babanki ya ce, "Gobe mu kawo ta ta gani." Ban tambaye shi wa ba. Wataƙila ke yake nufi.

A rami na gaba ya daɗe a tsaye kan ƙwallo, sanda a hannu. Can ya ɗago ya ce, "Wace tutar?" Gaskiya tutoci biyu ake hangowa daga wajen, ko da yake ɗayar ta ramin da muka baro ce. Na nuna masa da sanda, ya buga, kuma da kin ga bugun da kin yi shiru da maganar tsohuwarki mai allura.

Fili na uku a bayan wata tsohuwar masana'anta yake, kuma talaka ne. Ba su da ruwa, don haka bakin ramukansu ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe. Kafin ka gangara ƙwallo sai ka ja wani ƙarfe ka share mata hanya. Awaki suna kiwo a tsakiya, kuma dokar wurin ita ce in ka sami akuya ka sake bugu. Na so filin nan fiye da mai tsibirin. A irinsa Babanki ya koya mini wasan, lokacin yana sabon malamin lissafi, ni ina yaro mai ɗaukar masa jaka ina ƙorafi. Yana sauka daga mota ya shaƙi warin man ya ce, "Mun zo gida." Ya yi ta ba ni labarin mutanen da muka yi wasa da su a da, sunan kowa da irin bugunsa, bai ɓata ko ɗaya ba.

Ƙirgen bugu dai ni nake yi yanzu. Ya ce ya gaji da lissafi, ya yi ritaya. A ramin ƙarshe na sake tsayawa dab, na ce ko za a duba tsufana. Ya ce, "Buga, Auta, kana ɓata wa awaki lokaci."

Saura na bakin teku. Shi muka fi ɗoki.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. Na kira wayarka tana ta ƙara ba a ɗauka, ta Baba kuma a kashe. In babu sabis ne a can, ka nemi inda akwai. Ko layi biyu ne ka turo mini.

'Yarka

*

Sista,

Muna gaishe ku. Jikinmu lafiya, kada ki damu, wayar ce na bari a mota.

Mun buga na bakin tekun. Fili ne mai kyau, yashi da doguwar ciyawa, ba bishiya ko ɗaya. Babanki ya yi wasan da bai yi irinsa ba a 'yan shekarun nan. A ramin ƙarshe tawa ta tsaya dab da baki, ya ce in ɗauka. Ya bar mini.

Za mu ɗan ƙara kwana a nan kafin mu kamo hanya. Zan rubuto.

Baffanki

*

Baffana,

Alhamdu lillahi da jin kuna lafiya. Saura kaɗan in nemi izini a wajen aiki in biyo ku. Kada ka ƙara yi mini haka.

Baba ya bar maka ƙwallo. Na karanta wa maigidana, ya ce ƙarya ne sai ya ga hoto. Tun ina 'yar firamare nake jin ƙarar da kake kawo wa Mama a kicin, kana cewa mijinta ba shi da tausayi, ita kuma tana cewa ka yi haƙuri, ita ma bai taɓa bar mata gardama ba. Ashe zan ga ranar. Ka sa ƙwallon a gilashi ka rataye a falo.

Na zauna na yi tunani sosai, Baffa. Mutumin da ya lura cewa wannan ne filin ƙarshe, ya san ƙanensa ya tuƙa shi duk wannan nisa da ciwon gwiwa, ya ajiye kyautarsa sai a ramin ƙarshe, wannan yana cikin hankalinsa. Lissafi ne irin na Baba. Wataƙila na yi gaggawa. Aikin nan namu yana sa mu ga cuta a fuskar kowa.

Ga abin da na yanke. Ya zauna a gidansa. Za mu samo mai yi masa girki da shara, a cire gas ɗin a sa na lantarki mai kashe kansa, kai kuma kana leƙa shi safe da yamma kamar yadda ka saba. In shekara ta juyo mu sake dubawa. Na ce wa maigidana ya mayar da teburin karatun yara ɗakin. Ka ci nasara, kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

Ka gaishe mini da mai sabon tausayi.

'Yarka

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Jikin Babanki lafiya, yana cin abinci, yana barci. Ni ne dai ba na iya ko ɗaya.

Kada maigidanki ya taɓa gadon nan.

Takardarki ta zo, na karanta a mota, na kifa kaina a sitiyari. Kin ba ni abin da na roƙa, kuma da zan iya yin shiru da na karɓa. Laifina ne, na rubuto miki rabin magana don hannuna ya kasa rubuta sauran. Kin ce in faɗi abin da na gani. To ga shi.

Tun da safen ranar da muka buga na bakin teku, da muka zo shiga mota, ya riƙe mini ƙofa. Na ɗauka tsokana ce. A ramin farko ya miƙo mini hannu ya ce, "Allah ya ba mai rabo sa'a." Na yi dariya, shi bai yi ba. Na buga ta farko ta faɗa cikin yashi, na tsaya ina jiran abin da zai ce, don kin san ba ya bari ta wuce. Sai ya ce, "Iska ce, yallaɓai. Bugun ba shi da laifi."

Yallaɓai. Ni da ya goya a bayansa.

Haka muka yi ta tafiya. Filin nan, Sista, ban taɓa ganin mai kyansa ba, kuma ba na son in ƙara ganinsa. Teku tana hannun dama tun daga rami na huɗu, ciyawar tana kwanciya tana tashi, ƙasar tana shanye ruwa da kanta, ko bututu ɗaya ban nema ba. Babanki yana ta yi mini hira mai daɗi irin wadda yake yi wa baƙi. Ya tambaye ni aikin da na yi. Na ce gidan ruwa. Ya ce aiki ne mai albarka. Shekara nawa yana ce mini mai gyaran famfo.

Na yi ta yin shirme da gangan ko zai harzuƙa. Na ɗauki sandar da ba ta dace ba a gabansa. Na taka masa hanyar da ƙwallonsa za ta bi zuwa rami, abin da ya taɓa korata daga fili a kansa. Ya yi murmushi kawai ya ce babu komai.

Da muka zo ramin ƙarshe, ƙwallona tana da ɗan nisa, amma hanya a miƙe take, da na so da na saka ta. Sai na rage ƙarfi da gangan, ta gangara ta tsaya tafin hannu ɗaya daga baki. Na ce a raina, nan ne zai dawo. Duk abin da ya ɓace masa, wannan ba zai ɓace ba. Na tsaya a kanta, na dube shi kamar yadda na saba, har na ce, "Ko za a bar mini?"

Ya ce, "Haba, ɗauka mana, yallaɓai. Ta shiga."

Ya cire hula ya ba ni hannu, ya ce ya ji daɗin wasa da ni.

Muka shiga ɗakin shan shayinsu muka zauna a bakin taga. Yana juya cokali ya ce, "Ka san bugunka irin na ƙanena ne? Har yadda kake ɗage kafaɗa."

Na ce, "Shi ma kana bar masa irin wannan?"

Ya yi dariya ya ce, "Wa, Auta? Ko kusa."

Na ce, "Me ya yi maka?"

Ya ce, "Ba ka gane ba. Yaron nan duk wasansa shirme ne, ruwa nasa, yashi nasa. Amma ɗan guntun nan na bakin rami bai taɓa kuskurewa ba, ko sau ɗaya. Sai ya ɓata fuska, ya yi tsaki, ya saka ta tsakiya. Shi ne abin da na fi so in gani a duk wasan. In na bar masa, me zan kalla?"

Na ajiye kofina. Na tambaye shi ina ƙanen nasa yake yanzu. Ya waiga ƙofa ya ce, "Tare muka zo. Ya tafi duba musu famfo ne, halinsa ke nan. Yanzu za ka gan shi."

Ya ci gaba da kallon ƙofar. Sai wata dabara ta zo mini, irin ta wanda ya rasa dabara. Na ce ina zuwa. Na fita ta baya, na zaga ginin, na cire hulata na cusa a aljihu, na shigo ta ƙofar da yake kallo ina ɗingishi, ina faɗin bututun wurin nan duk sun tsufa. Ya ɗago da sauri, fuskarsa ta washe. Sannan ya dube ni sosai ya ce, "Yallaɓai, ba ka gan shi a waje ba?"

Na ce na gan shi, ya ce mu yi gaba zai same mu a masauki. Da haka ya yarda ya shiga mota.

Da yamma ya dawo hayyacinsa. Ina kwance sai na ji, "Auta, tashi ka rage fankar nan, kana so ka kashe ni?" Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Shi ya sa na ƙara kwanaki a nan, ina cewa ko gajiya ce. Amma abin yana zuwa yana tafiya, kuma tafiyar ta fi zuwan daɗewa. Jiya ya hana ni shiga ɗakin, cikin ladabi, ya ce gadon na ƙanensa ne. Na zauna a baranda har ya manta ya buɗe.

Sauran tambayoyinki ma amsarsu ita ce wadda kike tsoro. Wadda ya ce mu kawo ta ga gonaki Mamanki ce, na sani tun a lokacin. Ɗakin mai sayar da taya kuma ba ni na zura wa makulli ba.

Duk shirina a kan abu ɗaya na gina shi, cewa ina nan kusa, in wani abu ya faru zai kira ni, in na ƙwanƙwasa zai buɗe. Mutum ba ya buɗe wa baƙo ƙofa kullum, komai ladabinsa. Ke har yanzu yana ganin hotonki a waya ya ce ga Sista. Ki zo ki ɗauke shi tun yana cewa haka. Gobe za mu kamo hanya, zan haɗa masa kaya. Sandunan za su biyo shi, ki samar musu wuri ko bayan ƙofa ne, kuma in akwai doguwar darduma a gidan ki kwantar masa da kofi a ƙarshenta a madadin rami.

Zuciyata ta karye, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Shekara da shekaru ina roƙon mutumin nan ya bar mini ƙwallo ɗaya.

Kin ce in sa ta a gilashi. Ba zan sa ba. Tana aljihun rigata, kuma da ita zan riƙa zuwa gidanki duk lokacin da gwiwa ta bari. Zan ajiye ta a kan dardumar, tafin hannu ɗaya daga kofin, in tsaya in dube shi. In ya ce in ɗauka, zan ɗauka in yi godiya, in sake zuwa. Ni dai a wajena ramin nan ba a gama shi ba, sai ranar da ya ce in buga.

Baffanki